Shin mai juna biyu na buƙatar gwajin kilamidiya ko da ba ta jin komai?

Maman Hanifa, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Cikina wata huɗu ne, kuma a wurin awo an yi mini gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere. Yayata da ke aure a Amurka ta ce in nemi na kilamidiya ma, alhali ba ni da ƙaiƙayi ko fitar ruwa. Shin akwai buƙata?

Ungozoma, Tarauni:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Yayarki ta yi gaskiya, domin mafi yawan matan da ke ɗauke da wannan ƙwayar cuta, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ba sa ganin wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin kamuwa kusan miliyan 129 a faɗin duniya a shekarar 2020. Ga mai ciki, tana iya sa faya ta fashe kafin lokaci ko a haifi bakwaini. Jariri kuma yana iya ɗauka wajen fitowa, sai a ga idonsa ya kumbura yana kwantsa tsakanin kwana 5 zuwa 14, wato daidai hidimar suna, lokacin da tsofaffi kan ce a ɗiga masa ruwan nono kawai. Wannan ba ya kashe ƙwayar, kuma wasu jariran kan kamu da ciwon huhu daga wata ɗaya zuwa uku. A Amurka ana ba da shawarar a gwada duk mai cikin da ba ta kai shekara 25 ba tun awon farko. A nan ba ya cikin gwaje-gwajen da aka saba, sai ki tambayi likita. Fitsari ko ruwan gaba ake ɗauka.

Mai harhaɗa magunguna, Sabon Gari:
Hajiya, idan an samu, azithromycin giram 1 ake ba mai ciki, sha ɗaya, sannan a sake gwaji bayan mako huɗu. Kada ki karɓi doxycycline a kyamis da sunan maganin sanyi, domin ba a ba masu ciki shi.

Maman Hanifa:
Na gode. To maigida fa? Ina da abokiyar zama.

Ungozoma:
Dole a yi masa magani, ita ma haka, kuma a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan kowa ya sha, in ba haka ba cutar za ta dawo miki. Ƙwayar kan daɗe a jiki ba a sani ba, don haka kada maganar ta koma zargi. Ya fi sauƙi ku tafi awo tare, likita ya yi masa bayani da bakinsa.