Jar giyar zinfandel mai araha, wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Kagoro:
Yan'uwa barkanmu da warhaka. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da jar giyar inabi ta nan Kalifoniya, wadda ake kira zinfandel. Muna da taron 'yan gida a Sakaramento ƙarshen wata, za a gasa nama, ni aka ɗora wa sayen abin sha kuma kuɗin da aka haɗa ba wani mai yawa bane, kwalbar dala goma zuwa sha biyar nake hari. Na shiga kanti na gansu jere kala-kala, kusan kowace an manna mata Old Vine, wato tsohuwar kurangar inabi. Wanda ya taɓa sha don Allah ya faɗa mana yadda ya ji ta a bakinsa, ba abin da aka rubuta a bayan kwalba ba.

Antin Stockton:
Ƙanena ka zo gidan abin. Daga inda nake zuwa Lodi ba nisa, kuma Lodi ɗin nan su da kansu suna kiran garinsu hedikwatar zinfandel ta duniya, yawancin masu arahar da kake gani daga gonakinsu suke fitowa. Wadda na fi saye Bogle ce ko Gnarly Head, ba sa wuce kuɗin da ka faɗa sai dai in kantin ya tsawwala. In ka zuba a kofin gilashi ka ɗaga wajen haske za ka ga ja ne mai duhu sosai har ya so ya koma shunayya, kamar zoɓon da aka jiƙa ba a tsinka ba. Kar ka yi saurin kurɓa, ka ɗan juya kofin ka kai hanci, ƙanshin 'ya'yan itace da suka nuna tuɓus ne zai fara dukanka, daga baya sai wani ɗan ƙanshin masoro ya biyo. A baki ba ta da bauri sosai, ba ta ɗaure harshe irin wata jar giyar da ake kira cabernet, shi ya sa ko wanda bai saba da jar giya ba yana iya sha. Abu ɗaya da nake roƙonka, ka sa ta a firij kamar rabin awa kafin a buɗe, zafin Sakaramento ba wasa bane, in ta ɗumama sai ka ji barasar kawai tana hawa maka hanci ƙanshin duk ya gudu.

Baban Tagwaye:
Anti ta faɗi gaskiya amma bari in ƙara da gargaɗi. Ka juya kwalbar ka duba adadin barasa kafin ka kai wajen biya. Zinfandel tana kaiwa kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari, wasu har su wuce, alhali tana sauka a maƙogwaro salin alin. Wani abokin aikina ya taɓa kawo wata mai arha sosai gidana, ba zan kama suna ba, zaƙi kamar an zuba sukari, kana haɗiyewa kuma ƙirji ya ɗau zafi, madam kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye, ƙarshe a miyar nama muka ƙarar da ita. Tun daga nan in na ga ta haura 15 a kwalbar dala goma sai in mayar da ita inda na ɗauko ta. Kuma tunda taro ne a san waɗanda za su tuƙa mota tun kafin a buɗe kwalba, kun san dokar nan ta hana tuƙi in barasar da ke cikin jini ta kai kashi 0.08 cikin ɗari, kofi biyu na wannan na iya kai wani can.

Yar Pankshin:
Yaya ka lura kar wanda za ka aika ya ɗauko maka White Zinfandel, a wajen bikin ƙawata haka aka yi, aka ce a sayo zinfandel sai ga katon-katon na mai ruwan hoda. Inabin ɗaya ne amma ita ana cire ɓawon da wuri shi ya sa ba ta yin ja, kuma zaƙi gare ta. Kamfanin Sutter Home ne ya fito da irin mai zaƙin nan a 1975, lokacin da wani haɗi ya tsaya bai gama tsimuwa ba sukari ya rage a ciki, suka sayar hakanan mutane suka so. Ni kam ina sonta da sanyi, iyayenmu mata ma ita suka fi ɗauka, ka sayi ko kwalba biyu saboda su. Amma da gasasshen nama ba ta da ƙarfin tsayawa, jar ce daidai.

Malam na Davis:
Salamu alaikum. Ni kun san ba na sha, addinina ya hana, amma inabin kansa na ci shi a gona lokacin girbi wajen watan Satumba, kuma abin da Baban Tagwaye ya faɗa a nan tushensa yake. A nono ɗaya na zinfandel za ka ga wasu 'ya'yan basu gama nuna ba, wasu sun nuna daidai, wasu har sun yamushe sun zama zabibi, ba sa nuna tare. Manomi in ya jira na baya su nuna sai na gaba su cika da sukari, sukarin kuma shi ke komawa barasa. Na tsinki yamusasshen ɗaya na tauna, yatsuna har manne wa juna suke. A jami'armu ta Davis ne Farfesa Carole Meredith da abokan aikinta na Kuroshiya suka tabbatar a 2001 ta gwajin ƙwayar halitta cewa asalin inabin daga Kuroshiya yake, kuma shi ne dai wanda mutanen kudancin Italiya ke kira primitivo. Ɗan Kagoro in kun gayyace mu a tanadar mana ruwan inabi marar barasa da kunun aya, kuma a ware mana kofuna.

Ɗan Biliri:
Malam an gama, naku daban za a ajiye. Kan maganar Old Vine da ka ambata Ɗan Kagoro, kar rubutun ya ruɗe ka, dokar Amurka bata kayyade shekarun da kurangar inabi za ta kai kafin a kira ta tsohuwa ba, kowa na iya mannawa. Akwai na gaskiya a Lodi da Sonoma da suka haura shekara ɗari, na tsaya kusa da su, gajeru ne kututturensu a murɗe, 'ya'ya kaɗan suke bayarwa, to wanda ke da irin wannan ba zai sayar maka a dala tara ba. Kuma doka kashi 75 kawai take nema ya zama zinfandel, sauran a cike da wani inabin, sau da yawa petite sirah. Wannan ba aibi bane, ni mai arahar nake sha kuma ina jin daɗinta. Abin da na gwada da bakina shi ne da tsire da balangu tana tafiya lafiya lau, kitsen naman yana kwantar da ita, ƙulin yajin kuma yana fito da masoron nan da Anti ta ce. Amma da farfesun da aka cika wa attarugu kar ka haɗa, barkono da barasa mai ƙarfi sai baki ya kama wuta ba ka jin ɗanɗanon ko ɗaya. Ka sayi kwalba ɗai-ɗai kala uku cikin makon nan, ka ga primitivo ta Italiya a kuɗi ɗaya ka saka ta ciki, ku gasa ɗan nama ku ɗanɗana ku uku ko huɗu, wadda ta fara ƙarewa ita za ka sayo katon.