Neman shawara: facin rufin tirelar fiba ya ƙi kamawa

Assalamu alaikum. Na sayi wata tsohuwar tirelar kwana ta fiba (wato roba mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi), irin wadda ake ja da mota, a hannun wani dattijo a unguwar Birni, nan Damagaram, kuma ni nake gyaranta da kaina. Rufinta ya tsage kusa da tagar sama, inda aka taɓa liƙewa da silikon.

Na kankare wurin, na goge da samfefa mai lamba 80, na wanke da asiton, sannan na shimfiɗa ƙyallen fiba da rezin na poliyesta, wato ruwan gam ɗin da ke daskarewa ya riƙe ƙyallen, na zuba maganin daskararwa kashi 2 cikin 100. Sai dai da zafin nan na Afrilu da ke wuce digiri 40, rezin ɗin yakan yi kauri a cikin kofi tun kafin in gama shimfiɗa ta biyu. Bayan kwana biyu na sa farce a gefen facin, ya ɗago kamar ɓawon albasa. Sau biyu ke nan.

Ragowar silikon ce ke hana shi kamawa, ko kuwa zafi ne? In rage maganin in yi aikin da asuba, ko in aika Kano a sayo mini ifoksi, wato wani irin rezin daban, duk da tsadarsa? Ina so in rufe tsagar kafin damina ta sauka, domin katakon daɓen ciki ya fara ruɓewa.