Tambaya kan zaren nanotub na karbon

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ni ɗalibin shimi ne a jami'ar Abdu Mumuni nan Yamai, jiya mushenmu ya taɓo zancen nanotub na karbon, waɗannan 'yan bututai ƙanana da ido ba ya gani da Sumio Iijima ya bayyana a Japan a 1991, wai sili guda ya fi ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba amma in anka kaɗa su zare sai ƙarfin ya faɗi sosai. To mi ya sa? kuma don mi ake ta faman sai sun yi tsawo? Abin ya tsaya mini a rai wallahi.

Yaya Mariama:
Wa alaikumus salam ƙanena. In ka taɓa ganin tsohuwa na kaɗi da mazari ka riga ka san amsar. Audugar da silinta gajere ne, ko an murɗa ta da kyau kana ja sai ta zame, silin bai tsinke ba, sakin juna sunka yi. Haka nanotub ɗin, jikinsu sumul ne, ɗan riƙon da ke tsakaninsu rarrauna ne, to in sun yi tsawo kowane na kwance jikin ɗan uwansa da nisa sai riƙon ya taru ya yi yawa. A 2002 ma a jami'ar Tsinghua ta Sin haka sunka jawo zare daga nanotub da anka tsiro tsaye reras kamar gonar hatsi.

Injiniya Tawa:
Gaskiya ta faɗi, amma wahalar tana wajen tsirowa. Gas mai karbon a ciki ake turawa irin metan ko etilen cikin tanda mai zafin digiri 700 zuwa 1000, ya samu 'yan ƙwayoyin ƙarfe ƙanana ƙwarai, gas ɗin ya fashe a kansu karbon ya dinga fitowa bututu, to ƙwayar nan mutuwa takai, ko baƙin karbon ya lulluɓe ta ko ƙwayoyin su haɗe su yi girma, daga nan tsiro ya tsaya cak. Shi ya sa ake sa ɗan tururin ruwa ya share ta. A 2013 Tsinghua sun tsiro nanotub mai tsawon santimita 55 amma silla kaɗan ne, ni a ganina nan matsalar take, mai tsawo ba yawa mai yawa ba tsawo.

Ɗan Adar:
Allah ya saka da alheri. Yaya Mariama kenan murɗi kaɗai ba ya isa? Injiniya don Allah tururin nan nawa ake sawa, ba ya cinye bututun kansa?