Madabod ɗina ya mutu: Core i5-8400 zai hau kan H110?

Nura_K:
Assalamu alaikum. Madabod ɗin kwamfutata ta tebur ya daina kawo wuta. Furosesar Intel Core i5-8400 ce, RAM kuma DDR4, sanda huɗu, kowace 4GB. Na samu wani madabod mai H110, an rubuta LGA1151 a jikinsa, kuma na ga soket ɗin furosesata ke nan. Tunda soket ɗaya ne, zan iya ɗorawa kawai? Me kuma ya kamata in duba kafin in saya?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Kada ka sayi wannan madabod ɗin, ba zai tashi ba. LGA1151 kashi biyu ne duk da sunan ɗaya. Na farko na cifset (guntun da ke sarrafa madabod) jerin 100 da 200 ne, irin su H110, B150, B250 da Z270, kuma furosesa zubi na 6 da na 7 kaɗai yake ɗauka. Na biyu na jerin 300 ne: H310, B360, B365, H370, Z370 da Z390, shi ne na zubi na 8 da na 9. Lambar 8 da ke farkon 8400 ita ke nuna maka zubin.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne furosesar za ta zauna daram a cikin tsohon soket, maƙullin ma zai rufe ba gardama, domin yawan allurai da tsagin gefe duk ɗaya ne. Amma Intel ta sauya aikin wasu alluran, waɗanda a da ba a amfani da su ta mayar da su na kai wuta saboda furosesa masu ƙwayar sarrafawa shida. Ga kuma BIOS na H110, wato manhajar da ke tayar da madabod, bai san wannan furosesar ba. Fanka na iya juyawa, allo zai tsaya baƙi. Za ka ga ana nuna dabarar gyara BIOS da toshe wasu allurai don a tilasta ta. Wannan kasada ce, tana iya ƙona soket, kuma bai dace da kwamfutar da ake aiki da ita kullum ba.

Hanyar da ba ta yaudara: ɗauki cikakken sunan madabod ɗin har da lambar bugunsa da ke rubuce a gefe, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka buɗe jerin furosesar da yake ɗauka. Idan i5-8400 na ciki, duba lambar BIOS da aka rubuta a gabanta. Ita taka tana tashi a kan jerin 300 ba tare da sabunta komai ba. Masu zubi na 9 ne sukan sha wahala da tsofaffin H310 ko B360 da ba a sabunta BIOS ɗinsu ba.

Hajara_Tech:
Ƙari a kan bayanin Injiniya, sandunan RAM ɗinka huɗu sun riga sun rage maka zaɓi. H310 yawanci gurbi biyu kawai yake da shi, wato rabin RAM ɗinka zai zauna a ajiye. Nemi B360, B365 ko H370 mai gurbi huɗu, ka ƙirga da idonka, domin akwai ƙananan B360 masu gurbi biyu. Ka kuma tabbatar DDR4 ne. Akwai wasu H310 da aka yi su da DDR3, tsagin sandar ba wuri ɗaya yake ba, ba za ta shiga ba. Z370 da Z390 za su yi aiki, sai dai abin da ya fifita su shi ne ƙara wa furosesa gudu, kuma 8400 ba mai harafin K ba ce, a kulle take.

Amma ka tabbatar madabod ɗin ne ya mutu? Rashin kawo wuta sau da yawa daga akwatin wuta ne ko maɓallin kunnawa. Cire wayar maɓallin, ka haɗa alluran PWR_SW biyu da wayar ke shiga a kan madabod da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan shiru, gwada wani akwatin wutar mai lafiya kafin ka yanke hukunci.

Nura_K:
Na gode ƙwarai. An gwada da wani akwatin wutar, shiru. Kwamfutar ta kamfani ce, haɗaɗɗiya aka saye ta. Wannan zai kawo matsala?

Injiniya_Bala:
To, nan ne aikin yake. Manyan kamfanoni kamar Dell da HP sukan yi madabod da siffar kansu a yawancin kwamfutocin ofis. Buɗe akwatin kwamfutar ka duba abu uku. Babbar wayar wuta: idan mai rami 24 ce, tare da ta furosesa mai 4 ko 8, ka tsira, idan ƙarama ce mai 6 ko 8 kaɗai, akwatin wutar ba zai yi da madabod na kasuwa ba. Sai girma da ramukan sukuru: ATX milimita 305 a 244 ne, micro-ATX 244 a 244, mini-ITX 170 a 170. Na uku wayoyin gaba. A wasu injinan ramukan USB da maɓallin kunnawa a jikin madabod ɗin suke, a wasu kuma wayar filogi ɗaya ce da ba ta dace da na kowa ba. Fankar furosesa ma wani lokaci a jikin ƙarfen akwatin ake ɗaure ta. Idan biyu daga cikin waɗannan suka saɓa, nemo irin madabod ɗin sak ta lambar da ke kan takardar da aka manna masa ya fi sauƙi a kan sayen akwati, wuta da fanka sabbi.

Lokacin haɗawa, fara gwaji a waje, a kan kwali: furosesa, fanka, sandar RAM ɗaya, wayar allo a jikin madabod, tunda 8400 tana da nata sashen hoto. Alluran LGA a cikin soket suke, siraran gaske; sauke furosesar a miƙe, alamar kusurwa uku ta dace da ta soket, kada ka ja ta gefe. Goge tsohon man sanyaya da isofurofil, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Kafin ka mayar cikin akwati, cire duk wata ƙafar tagulla ta cikin akwatin da ba ta dace da ramin sukurun madabod ba, guda ɗaya ta isa ta haɗa wuta a bayan madabod.

Sadiq_IT:
Saura ɓangaren Windows. Idan BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, na kunne, faifan zai nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, domin TPM ɗin da ya san shi, wato guntun tsaro mai ajiye mabuɗin, ya tafi da tsohon madabod. Nemi mabuɗin a asusunka na Microsoft ta wata na'urar tun yanzu. Idan Windows ta tsaya da saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, yawanci tsarin haɗa faifai ne ya saɓa: tsohon madabod yana kan RAID, sabon kuma AHCI. Daidaita wannan a BIOS. Idan faifan bai ma bayyana a jerin tashi ba, duba ko an girka Windows ɗin a tsohon tsarin MBR, sai ka kunna CSM a BIOS, saitin da ke tayar da irin wannan faifan. Lasisin da ya zo da kwamfutar kamfani a ɗaure yake da madabod ɗinta, saboda haka da wuya ya bi ka zuwa na kasuwa. In Windows 11 ce, kunna Intel PTT a BIOS, shi ne TPM 2.0 ɗin da take nema.