Ɗalibaina suna karatu amma ba sa gano abin da ba a faɗa ɓaro-ɓaro ba

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum malamai. Dan Allah shawara nake nema, ina koyar da Hausa a JSS 1, yaran nan suna iya karatu ba laifi amma in dai amsar tambaya ba ta fito fili a rubutun ba shikenan sai aji ya yi tsit, wasu kuma su kwafo min layi guda sukutum ko ya dace ko bai dace ba. Abin na damuna wallahi don na san a WAEC da NECO irin tambayoyin nan na jiransu, a ce me marubucin yake nufi. Ya kuke yi?

Malamin Firamare:
Wa alaikis salam Malama. Ni ba na farawa da dogon labari, layi ɗaya nake rubutawa a allo. Misali: "Inna ta jera dabino da kunu a tabarma, Sani sai leƙen agogo yake leɓensa duk ya bushe." Sai in ce wane wata ake ciki, kuma wane lokaci ne na yini? Nan take za su ce azumi, dab da magariba, alhali babu kalmar azumi a allon. To daga nan aikin yake farawa, duk wanda ya ba da amsa sai na ce masa zo ka ja layi ƙarƙashin kalmar da ta nuna maka. Wani ya ja dabino, wani agogo, wani busasshen leɓe. In yaro ya ce biki ake yi ba na cewa ya faɗi, cewa nake nuna min, in ya laluba ya rasa shi da kansa zai janye. Da haka suke bambance hasashe mai hujja da canki-canka.

Anti Zee:
Gaskiya ne Malam. Kuma fa yaranmu sun iya abin nan tun daga gida, yaron da uwarsa za ta harare shi gaban baƙi ya tashi ya bar ɗakin ai ya karanta abin da ba a furta ba. Ni kacici-kacici nake sa musu kafin darasi, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, su ce tsintsiya, in ce ta yaya kuka sani.

Baban Walid:
Ban ƙi ta taku ba amma Malama ki fara duba ko da gaske karatun ya zauna. Yaron da ke fama da haɗa baƙaƙe kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, ina zai samu sararin tunani? Irin waɗannan ke ki karanta musu da baki su saurara sannan ki yi tambayar. Na biyu misalin azumin ya yi aiki ne don sun san azumi, kawo musu labarin ƙanƙarar Turai ki ga yadda za su yi zuru, dole sai kin ɗan ba su haske a kan batun tukuna.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Sai dai ajin nawa sun haura 80, in na ce kowa ya fito allo lokaci zai ƙare.

Malamin Firamare:
Ki raba su benci-benci, kowane benci su yi shawara su kawo amsa ɗaya da kalmar da suka dogara da ita a takarda, ke kuma ki zaɓi benci biyu da amsarsu ta saɓa su kare kansu gaban aji.