Na tono buhun kaset a ɗakin marigayi yayana, ya zan yi da su?

Ɗan Gaya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri in faro ta daga tushe.

Ruwan ƙarshen Agusta ya kayar mana da bangon ɗakin da marigayi yayana yake ajiye tarkacensa. Garinmu yana tsakanin Gaya da Wudil. Da muka zo kwashe ƙasa sai muka ci karo da buhu biyu na kaset ɗin bidiyo, da na'urar bidiyon kanta a naɗe cikin bargo, da littafin da yake rubuta masu karɓar haya. Shi ya fara buɗe gidan kallo a garin, wajen 1998. Kada ku ji gida ku zaci wani gini ne. Zana ce aka kewaye a bayan shagonsa, benci huɗu, talabijin ɗaya a kan tebur, ƙaramin inji yana ta kuka a bayan darni. Ni ne mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, ina aji biyar na firamare. Duk ranar da Yaya ya shiga Kano ya biya ta Ƙofar Wambai, da sabon kaset yake dawowa, kafin la'asar labari ya gama gari.

Na ƙirga, kaset 143 ne. Wasu kwalinsu ya ruɓe, wasu gara ta taɓa, wasu kuma in ka leƙa ta 'yar tagar nan sai ka ga wani farin abu kamar garin rogo ya kwanta a kan zaren. Sangaya kaɗai guda uku na samu, don sai da kallo ya cinye biyu aka sayo na uku. Akwai Wasila, akwai na Ibro da yawa, akwai na Indiya da na Canis.

Daren da na gano su ban iya barci ba, na nemo Sangaya a YouTube na kalla a waya. Gaskiya ba yadda na bar shi na same shi ba. Sauti yana hawa yana sauka, hoto duk ya dusashe. Amma sai na lura na daina bin labarin 'yar aikin gidan sarauta da ɗan sarki, idona yana kan wasu abubuwa: irin ɗinkin lokacin, ɗaurin ɗankwali, kwanukan da ake cin abinci, Ali Nuhu yana yaro siriri, da Hausar da ake yi ba a cusa Turanci kowane numfashi. Da kiɗan ya tashi kuwa, wallahi warin hayaƙin injin Yaya na ji a hancina.

To ga tambayar. Akwai yadda za a ceto waɗannan kaset ɗin? Kuma ya cancanci wahalar, ko dai ƙuruciyata nake nema a ciki ba fim ba? Ƙanena ya ce in bai wa 'yan gwangwan su ba mu kuɗin sabulu.

Mai Gyara na Ringim ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan Yaya. Kafin komai, don Allah kada ka saka ko ɗaya a cikin na'urar nan tukuna. Farin abin da ka gani fumfuna ce. In ka kunna kaset mai ita, za ta toshe kan bidiyon, wato abin da ke karanta zaren, kuma duk kaset ɗin da ya biyo baya sai ya kwasa.

Ware masu fumfuna gefe guda. Sauran ka fito da su daga buhu ka jera su a tsaye kamar littattafai, a inuwa inda iska ke shiga. Ban da rana, zafi yana lanƙwasa robar ya manne zaren. Ban da kusa da lasifika, domin da maganaɗisu aka rubuta hoton a kan zaren, maganaɗisu kuma yana iya ɓata shi. Masu fumfuna kaɗan ana kwance ƙusoshin baya a buɗe, a riƙa juyawa a hankali ana gogewa da ƙyalle mai laushi da ɗan sifirit. Aikin haƙuri ne, kaset ɗaya kan ci maka yini. Ka rufe hancinka, ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji.

Ita na'urar, bayan shekarun nan a naɗe, da wuya robar da ke juya ta ba ta saki ba. Kai wa tsohon mai gyara, ba yaran da suka tashi a gyaran waya ba. A goge kan da farar takarda da sifirit, kada a sa auduga, tana karya shi. Ka riƙe ta da kyau, don kamfanin ƙarshe da ke ƙera irinta, Funai na Japan, ya daina tun 2016.

In ta tashi, akwai 'yar na'ura da ake sayarwa a Kano, gefe ɗaya wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, ɗaya gefen kuma a soka a kwamfuta. A saita ta a kan PAL, shi ne tsarin da muke amfani da shi a Najeriya. Fim ɗin awa biyu, awa biyu za ka zauna kana jira, babu gajeriyar hanya. Ka fara da waɗanda ba a samunsu a intanet, Sangaya ba ta ɓata ba.

Maman Ilham ta amsa:

Allah sarki, ka tuna min da gida. Mu 'yan mata ai ba a barinmu zuwa gidan kallo, sai dai in ana biki ko suna a ɗauko hayar talabijin da inji a kafa a tsakar gida bayan isha'i. A garinmu wajen Birnin Kudu, ranar da aka kawo Wasila har matan maƙwabta suka haura ta katanga. Kakarmu tana zagin mai mugun hali a fim kamar yana jinta, in an zo waƙa kuma ta juya baya ta ce a taɓa ta in an gama shirmen.

Amma Malam, bari in faɗi wani abu, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Yanzu kowa cewa yake finafinan da sun fi tarbiyya. A lokacin ba haka ake cewa ba. Waɗannan finafinan da muke kewa, su ake yi wa huɗuba a kansu. Babanmu ya taɓa fasa mana kaset da taɓarya. Ai saboda ƙorafin rawa da waƙa ne gwamnatin Kano ta dakatar da harkar a ƙarshen 2000, sannan aka kafa hukumar tace finafinai a 2001. Abin da aka kira lalacewa jiya shi ne muke kira tarbiyya yau, don kawai mun girma mun haifi masu kallon nasu.

Ni dai ka adana su. Kwanan baya na nuna wa 'yata wani tsohon fim, ba labarin ya dame ta ba, tambayata take wai da gaske haka muke ɗaura ɗankwali.

Abba Ɗan Makaranta ya amsa:

Yaya, ni a 2003 aka haife ni, don haka ba ni da wani tsohon tunani da zai rufe min ido. Na gwada kallonsu. Mutum zai fito daga gida, a nuna shi yana kulle ƙofa, yana tafiya, yana gaisawa da kowa, har ya isa inda za shi, ba a yanke komai ba. Ana tsakiyar magana mai muhimmanci sai a tsinci mutane a lambu suna rawa minti bakwai. Kiɗan kuma duk fiyano ɗaya. In ka ajiye su kusa da Labarina ko Kwana Casa'in, ai ba a haɗawa.

Ibro ne kawai na yarda da shi. Shi har yau in na kalla sai na yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma ba ya buƙatar hoto mai kyau.

Tsohon Ɗan Bata ya amsa:

Abba, ɗana, ba ka yi ƙarya ba, amma ka san da me aka yi su? Kyamarar ɗaukar biki guda ɗaya, babu makaranta, babu jari. 'Yan ƙungiyoyin wasan daɓe ne da marubuta littattafai suka haɗa kuɗin aljihu. Turmin Danya da 'yan Tumbin Giwa suka fitar a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafari, haka aka yi shi. Sunan Kannywood ɗin ma sai a ƙarshen shekarun 1990 ya fito a mujallar Tauraruwa. Rawar lambu kuwa ba daga sama ta faɗo ba. Mu da muka zo cirani Kano muna samari, a gidajen sinima na Plaza da Marhaba da Eldorado muka ƙare kuɗinmu kan finafinan Indiya. Wanda ya tashi a wannan, in ya riƙe kyamara me kake jira ya ɗauka? Kafin nan kuma a ƙauye majigi muka sani, motar gwamnati ta zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci.

Malam Ɗan Gaya, na yi shekaru ina sayar da kaset a Bata cikin Kano, bari in gaya maka abin da ya sa naka suke da daraja. A wancan tsarin, mai fim kwali yake bugawa ya sayar mana, ya ba da uwar kaset, mu kuma mu sayi kaset marar komai mu yi ta kwafa muna sakawa a kwalin. Shi ya sa za ka ga fim ɗaya, wani kwafin garau, wani kamar an ɗauka cikin hazo. Uwar kaset tana yawo hannu zuwa hannu har ta gaji. Da faifan CD ya shigo kowa ya watsar da kaset, ni da kaina na ga ana loda su a kura ana kaiwa bola. Ba wanda ya yi tunanin ajiya. Manyan finafinai sun tsira don an yi ta kwafarsu, ƙananan da aka buga sau ɗaya su ne abin tsoro. Ba mamaki a buhunka akwai fim ɗin da mai shi kansa ba shi da kwafi. Saboda haka in ka juye, kada ka yi gaggawar ɗorawa a YouTube, haƙƙin wani ne. Nemi mai shi ko magadansa tukuna.

Kwalayen ma kada ka zubar, ko sun yage. Sunayen waɗanda suka yi aikin suna jiki.

Ɗan Gaya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ga inda aka kwana.

Ranar Juma'a na kai na'urar Wudil. Kamar yadda Mai Gyara ya faɗa, robar ta narke ta zama kamar ƙaro. Wani dattijo ya ciro wata daga matacciyar na'ura ya saka, ta tashi. Masu fumfuna 38 ne, na ware su. Jiya da daddare na aro talabijin na saka ɗaya daga cikin masu lafiya, wani na Ibro, a tsakar gida.

Maman Ilham, maganarki ta tsaya min, domin Innarmu da ta fi kowa faɗa da Yaya a kan gidan kallon nan, ita ta fara jawo tabarma. Sai dai ba ta yi dariya sosai ba. Duk wanda ya fito sai ta tambaya, wannan yana nan? Na ce mata Ibro ya rasu tun Disambar 2014, ga Ɗanlasan nan kusa da mu inda aka binne shi. Da na saka wani kaset ɗin Ahmad S. Nuhu ya fito, na ce shi ma hatsarin mota ya yi ajalinsa a farkon 2007. Ta yi shiru, can ta ce a dai bar shi ya ƙare. Yara kuwa sun cika gidan har zaure, suna ta mamakin wai sai an mayar da zare baya kafin a sake kallo.

Abba, na yarda da kai a kan rawar lambu, ni ma tura ta gaba na yi. Amma tafiyar nan da ba a yankewa, a cikinta na ga titin Kano babu Adaidaita ko ɗaya, sai 'yan acaɓa da hayis.

Baba na Bata, akwai guda goma sha ɗaya da na bincika sunayensu a intanet ban ga ko alamarsu ba. Da su zan fara in na samu aron kwamfuta. Matsalar ita ce ɗaya daga ciki kashi na ɗaya kawai gare ni. Na duba littafin haya, ga rubutun Yaya nan: an karɓi na biyu a watan azumin 2001, ba a dawo da shi ba, ba a kuma biya naira ashirin ɗin ba. Wanda ya karɓa yana nan da ransa, shi ke ja mana sallah in liman ya yi tafiya. Ku ba ni shawara, ta ina zan ɓullo masa?