Ɓera na lashe jiki bayan allurar ACTH a ƙwaƙwalwa: me kuke gani a ɗakunan gwajinku?

Malama Rabi, Samaru: Assalamu alaikum. Masu aiki da fararen ɓeraye, mu haɗa abin da kowa ke gani da idonsa. A littafi abin a fili yake: tun 1975 Gispen da abokan aikinsa a Utrecht ta ƙasar Holan suka nuna cewa idan aka zuba ACTH, wani feftayid (guntun furotin) da jiki ke saki lokacin takura, cikin kogon ruwan ƙwaƙwalwar ɓera, sai ya kama gyaran jiki ba ji ba gani, wanke fuska, lashe kwiɓi, susa. Amma a nan Zariya sau da yawa ɓeran da aka ba ruwan gishiri kawai yakan yi lashe-lashe har ya kusa kamo wanda aka ba feftayid ɗin. Daga ina matsalar take shigowa?

Dakta Bashir, Shika: Wa'alaikumus salam, Malama. A fara duba hanyar da maganin ya bi. ACTH da aka yi a ƙarƙashin fata ko a ciki ba ya kawo wannan hali, kuma ɓeran da aka cire masa adirinal, wato ƙullin nan na saman ƙoda, yana yin lashe-lashen daram idan an sa masa a ƙwaƙwalwa. Ke nan aikin na ƙwaƙwalwa ne, kuma kanula, wato siririn bututun da ake dasawa a kai don zuba maganin, ita ce ke yanke hukunci. Ga ɓeran Wistar mai giram 200 zuwa 250, bayan an sa shi barci da ketamin miligiram 80 da zailazin miligiram 10 a kowane kilo, ana hudawa milimita 0.8 bayan biregma, wato mahaɗar ƙasusuwan kai ta gaba, 1.5 zuwa gefe, bakin allurar ya sauka 3.5 zuwa 4 daga saman ƙoƙon kai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kan bai kwanta daidai ba. Idan biregma ta fi lamda, mahaɗar ta baya, tudu, allurar sai ta kauce ta shiga nama. Na biyu, ƙashin bai bushe ba aka zuba simintin haƙori, sai hular simintin da ke riƙe kanular ta ɓalle bayan 'yan kwanaki. A goge ƙashin ya bushe ƙayau, a ɗaura sukuru biyu ko uku, sannan a bar dabbar ta huta mako guda.

Kafin a ɓarnatar da feftayid mai tsada, a gwada kanular da anjiyotensin II, sinadarin da ke tayar da ƙishi, nanogiram 50 zuwa 100. In tana wurinta, cikin 'yan mintoci ɓeran da ba ya jin ƙishi zai tafi kan kwalbar ruwa ya yi ta sha.

Malam Iliya, mai kula da ɗakin dabbobi: Dakta ya gama da tiyata, ni bari in yi maganar ɗakin, domin a ganina nan ne amsar Malama take. Ɓera ba ya gumi kamar mutum. Idan zafi ya dame shi, miyau yake shafawa a ciki da maraina da gindin wutsiya don ya huce. A bazarar Zariya, Maris zuwa Afrilu, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska da rana tsaka ya wuce digiri 20 zuwa 26 da ake so nesa ba kusa ba. Ɗaga ɓeran ki duba cikinsa: in gashin ya jiƙe ya manne, wannan lashin zafi ne, kuma mai ƙirga zai rubuta shi a matsayin aikin magani.

Hunturu kuma da tasa. Iska ta bushe, fata ta yi ƙaiƙayi, ƙura ta shigo ta taga, ga garin katakon da ake shimfiɗa musu in ba a tankaɗe shi ba. Sai ƙwarƙwata. A buɗe gashin wuya da tsakanin kafaɗu a ƙarƙashin fitila, za a ga ƙwayayenta farare manne a gindin gashi, wani lokaci da ƙananan ɓawon ciwo. Ɓera mai ƙwarƙwata ba ya shiga gwajin susa, kuma in an yi masa maganinta a ba shi lokaci kafin a fara. Jan abin nan da ke taruwa a ido da hanci kuwa ba jini ba ne, wani sinadari ne daga ƙullin bayan ido, yakan yawaita idan dabbar tana cikin takura. Shi ma alama ce cewa kejin da gyara.

Hauwa, ɗalibar digiri na uku: Gaskiya ne, Baba Iliya. In ƙara da baƙon wuri: ɗaukar ɓera a hannu da sa shi a sabon akwati kaɗai yana sa shi wanke fuska. Shi ya sa a tsarin Gispen ba a fara ƙirga sai bayan minti 15 da allura. Daga nan duk daƙiƙa 15 a duba, yana gyaran jiki ko ba ya yi, na tsawon minti 50, maki mafi yawa 200. A riƙa taɓa su kullum a makon hutun, a saba musu da buɗe murfin kanula. Mai ƙirga kada ya san wanda aka ba me, kuma a ɗauki bidiyo, waya ma ta isa, da madubi a jingine bayan akwatin don ganin ɓeran in ya juya baya.

Farfesa, Tudun Wada: Jimillar maki kaɗai tana ɓoye abu mafi daɗi. Gyaran jikin ɓera yana da tsari, daga kai zuwa wutsiya. Berridge da Fentress sun fayyace jerin matakai huɗu da ke ƙarewa cikin kamar daƙiƙa biyar: ƙananan kewaye da hannaye a bakin hanci, shafa da hannu ɗaya, manyan shafa da hannu biyu har bayan kunne, sannan ya karkata ya hau lashe kwiɓi. ACTH da ɗan'uwansa alfa-MSH, waɗanda uwarsu ɗaya ce wato babban furotin POMC, suna tsawaita zaman gyaran ne, tsarin yana nan, kuma daga baya miƙa da hamma su biyo, abin da Ferrari ya gani a Italiya tun 1958. Sauran feftayid kowanne da salonsa: bombesin susa ce ke rinjaye, da ƙafar baya a kai da wuya. Oksitosin ya fi kai ɓera ga lashe al'aura. CRF, mai sa jiki ya saki ACTH, yana kawo gyaran jiki irin na dabbar da ke cikin fargaba. Don haka takardar ƙirga ta zama da gida daban ga wanke fuska, lashe jiki, susa, al'aura da girgiza. Ta haka ne ma za a gane lashin zafin da Malam Iliya ya faɗa, domin shi a ciki yake tattaruwa.

Malama Rabi: Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. To idan kanula na daidai, ɗaki na da sanyi, amma ACTH bai yi komai ba fa?

Dakta Bashir: Sai a tuhumi kwalbar maganin. Guntun ACTH 1-24 da 1-16 (lambobin na nuna ɓangaren sarƙar ACTH da aka ɗauka) da alfa-MSH suna aiki, amma 4-10 na asali ba ya kawo lashe-lashen. Kada a ɗauko Synacthen Depot, wato allurar ACTH ta asibiti, akwai zinki da benzil alkohol a ciki, ba na zubawa a ƙwaƙwalwa ba ne. Feftayid yana manne wa gilashi da roba, kuma narkewa da sake daskarewa suna kashe shi. Inda wuta ke ɗaukewa, a raba shi ƙananan kaso na amfani ɗaya, a ajiye a can ƙasan firiza tsakanin ƙanƙara. Maikurogiram 0.3 zuwa 1 cikin maikurolita 3 ya wadatar. A tura a hankali cikin minti ɗaya ko biyu, a bar allurar wani mintin kafin a zare. A bar ɗan kumfan iska a siririn bututun: in ba ya tafiya, allurar ta toshe, komai bai shiga ba.

Hauwa: Sannan kada a maimaita wa ɓera ɗaya a yini guda. Allura ta biyu bayan awanni kaɗan ba ta kawo abin kirki, a bar kwanaki tsakani. Don tabbatarwa, a ware rukunin da za a fara ba nalokzon, mai toshe aikin dangin mofin, ko halofiridol, mai toshe aikin dofamin, duka suna rage lashe-lashen ACTH, sai dai halofiridol in ya yi yawa yana sandarar da ɓera, a ga kamar ya toshe aikin alhali motsi ne ya gagara. SHU9119, mai toshe makarɓar MC3 da MC4 inda ACTH ke kamawa a ƙwaƙwalwa, ya fi nuna ainihin ƙofar. A ƙarshen gwaji a zuba shuɗin rini maikurolita 3 ta kanular, a yanka ƙwaƙwalwar. Duk wanda rinin bai bazu cikin kogon ba, a cire makinsa daga lissafi.